Shekarar da Na Yanka wa Gaskiya Farashi

Ina cikin shekarata ta biyu da karɓar aikin ba ɗalibai shawara da kula da tarbiyyarsu a makarantar firamaren da nake koyarwa na ƙirƙiro abin da na sa wa suna allon taurari, kuma har yau idan na tuna yadda na riƙa yabon kaina a kansa sai in ji kunya ta rufe ni. An manna babban kwali a bangon kowane aji daga aji biyu zuwa aji huɗu, aka jera sunayen yara, duk wanda aka ga ya yi abin kirki sai a liƙa masa tauraro a gaban sunansa. Taimaka wa ɗan aji tauraro ɗaya ne, share aji ba tare da an sa ka ba shi ma ɗaya, amma wanda ya tsinci kayan wani ya kai wa malami taurari uku zai samu, domin a ganina riƙon amana shi ne kan gaba a cikin halayen da nake son dasawa. Waɗannan taurari ukun su ne suka jawo mini duk abin da ya biyo baya.

Sauran ayyukan ofishina, irin su sasanta masu faɗa, lallashin ƙananan da ke kuka idan iyaye sun ajiye su, da zama da iyayen waɗanda ba sa zuwa a kan lokaci, sun tafi yadda aka saba, babu abin da zan faɗa a kansu. Allon ne ya ɗauke mini hankali. Kafin a yi wata guda kwalin da muke tara kayan tsintuwa ya cika da fensira, biro, rula da murafen gorar ruwa, ni kuwa na rubuta wa hedimasta rahoto mai shafi biyu ina nuna masa yadda amana ta bunƙasa a tsakanin yaranmu. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina abin da ɗan aji ɗaya ma zai iya tambaya ba, wato ta yaya tsintuwa za ta yawaita idan ɓatan kaya bai yawaita ba.

Ana cikin haka wata yarinya ’yar aji uku, mai shiru-shiru, wadda taurarinta ba su wuce biyu ba, ta same ni lokacin tara. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin ta ce, “Malama, rulata ba ɓata take yi ba, ɗauke mini ake yi daga jaka.” Na tambaye ta wa take zargi, sai ta ambaci yaron da ya fi kowa taurari a ajinsu, wanda sau uku yana kawo wannan rular a matsayin tsintuwa. Abin da na yi a nan shi ne ya fi ci mini rai. Na zaunar da ita na yi mata doguwar nasiha a kan munin zato da illar hassada, na ce mata idan tana son taurari ta dage da aikin kirki kamar yadda yake yi. Ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Malama,” ta fita. Yarinya ’yar shekara takwas ta tattaro duk ƙarfin halinta ta kawo mini gaskiya, ni da aka ɗora wa aikin sauraron yara na sallame ta da laifi, saboda kawai maganarta ta taɓa abin da nake alfahari da shi.

Bayan mako biyu na kira yaron a taron safe, na miƙa masa takardar yabo a gaban makaranta duka, aka tafa masa. Ba a yi kwana goma ba malamin ajinsu ya dawo ɗaukar rajista lokacin da yara suke waje, ya gan shi yana zare fensir daga jakar wani yana turawa ƙarƙashin benci. Da aka koma aji sai ga shi ya ɗaga hannu ya tsinci fensir. Da muka bi diddigi a hankali muka gano ba shi kaɗai ba ne. Akwai wasu abokai biyu a aji huɗu da suka yi yarjejeniya, yau wannan ya yar wancan ya tsinta, gobe su juya. Ana yabona salla, ashe alwala ma ban iya ba.

Abin haushin shi ne ba rashin sani ya kai ni ba. A lokacin horonmu mun karanta binciken da Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka wallafa a 1973, wanda suka yi da yaran nazare a Jami’ar Stanford ta Amurka. Sun zaɓi yaran da dama suke son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun zana, wasu aka ba su takardar ba tare da sun san za a ba su ba, wasu kuma ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan ’yan kwanaki aka bar su su zaɓi abin da za su yi, waɗanda aka yi wa alkawarin su ne suka fi ja da baya daga zanen, domin abin da a da suke yi don daɗinsa ya koma aikin lada. Mun kuma karanta aikin Hugh Hartshorne da Mark May na tsakanin 1928 da 1930, waɗanda suka gwada dubban ’yan makaranta suka ga cewa yaron da ya riƙe gaskiya a wani yanayi yana iya yin maguɗi a wani, kuma iya zayyana ƙa’idojin ɗabi’a da baki ba ya nuna abin da yaro zai aikata idan ya sami dama. Na amsa tambayoyi a kan duka biyun a jarrabawa na ci, sannan na zo na shirya wa yara yanayin da ɗauke kayan wani ya fi barinsa riba.

Hedimasta ya so a karɓe takardar a taron safe kamar yadda aka bayar, a kuma hukunta yaron a gaban kowa. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, tarkon ni na ɗana shi, idan akwai wanda za a tsayar a gaban yara to ni ce.” Ba tausayi kawai ya sa na ƙi ba. Victoria Talwar da Kang Lee sun nuna a 2011 cewa ƙananan yaran da ke makarantar da ake tsananta hukunci sun fi takwarorinsu yin ƙarya, kuma sun fi su iya ɓoye ta, ni kuwa ba na son in ƙara wa yaron ƙwarewa a kan wadda na riga na koya masa. Da na zauna da shi mu biyu, abin da ya fara ce mini shi ne, “Ai ina mayarwa, Malama, ba abin da ya ɓata.” Da gaske yake faɗa. Tun 1932 Jean Piaget ya bayyana cewa ƙananan yara sukan auna laifi da girman ɓarnar da ido ya gani, ba su cika duba niyya ba, har sukan ce wanda ya fasa kofuna 15 bisa kuskure ya fi laifi a kan wanda ya fasa ɗaya yana ƙoƙarin ɗaukar abin da aka hana shi. A lissafin wannan yaron rula ta koma hannun mai ita, magana ta ƙare. Sai da muka yi zama uku ina sa shi ya ba ni labarin ranar daga ɓangaren mai rular, yadda ta zazzage jakarta tana nema, yadda aka yi mata faɗan sakaci, kafin na ga fuskarsa ta canza.

Na sauke allunan duka a ƙarshen wannan makon. Wasu malamai sun yi gunaguni, kuma suna da hujja, domin share aji na ganin dama ya ragu sosai na ɗan lokaci, abin da ya ƙara tabbatar mini da abin da yaran suke sharar dominsa. Yanzu kwalin tsintuwa yana bayan ƙofa, ba a rubuta sunan wanda ya saka kaya a ciki. Idan za a yaba wa yaro, malami yakan matso kusa da shi ya faɗa masa abin da aikinsa ya amfana wa wani, misali cewa ƙaninsa na aji ɗaya ya daina kuka saboda ya raka shi. Duk wanda zai fara wannan aiki kuma ya ji sha’awar ƙirga halin kirki da maki, ina ba shi shawara ya fara zama ya yi tunani irin na yaro mai wayo ɗan shekara takwas, ya nemo hanya mafi sauƙi ta samun makin, domin yaran za su gano ta kafin shi. Sannan na ɗaura wa kaina ƙa’idar da ba na karyawa: duk ƙorafin da yaro ya kawo sai na rubuta shi da kalmominsa, na bincika, kafin in buɗe baki da nasiha, musamman idan ƙorafin ya shafi wanda nake so ko tsarin da ni na kawo.

Yarinyar kuwa na kira ta na ce mata ita ce mai gaskiya, ni ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta ce, “Ba komai, Malama,” da irin muryar da ta ce mini “to” a wancan karon. Yanzu tana aji biyar. Tana gaishe ni da ladabi duk inda muka haɗu, amma tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar ofishina da wata damuwa ba, kuma kwanakin baya da na shiga ajinsu na lura har yanzu rularta a ɗaure take da zare a jikin hannun jakarta.