Hannun dama, don Allah

Talata. Ranar asibiti.

Na tashi da walwala yau, abin da na daɗe ban yi ba a irin wannan rana. Barci ya yi daɗi, kafaɗar nan ba ta tashe ni cikin dare ba, har na iya taje kaina da hannun hagu ba tare da na tsaya hutawa sau uku ba. Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Auta ce ta raka ni, muna tafe tana ta ba ni labarin jarrabawarta, ina ta dariya.

Layi bai yi tsawo ba. Anti mai auna mu ba ta nan, an ce ta tafi hutu. Wata sabuwar nas ce a kujerarta, yarinya mai fara'a, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta gaishe ni da kyau, ta jawo hannuna na hagu don shi ya fi kusa da ita, ta naɗa abin awo, ta danna. Injin ya hura, ya saki, ya sake hurawa, kamar yadda ya saba yi da wannan hannun in ya rasa abin kamawa. A karo na biyu ya ba da 96/60.

"Masha Allah, Anti, jininki lafiya lau," in ji ta. "Ki ci gaba da abin da kike yi."

Ta ɗauki biro ta rubuta a kati. Ni kuwa na yi shiru.

Shirun nan ne ya hana ni sakat tun safe, shi ya sa nake zaune ina rubutu yanzu maimakon in kwanta. Na san hannuna na hagu ba ya faɗin gaskiya. Jijiyar da ke kai masa jini, wadda ta bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ta tsuke tun kafin a gano ciwon, wato Takayasu, mai kumbura bangon manyan jijiyoyin jini. Jinin da ke isa hannun ɗan kaɗan ne, don haka duk abin da inji ya karanta a nan ƙasa yake da ainihin ƙarfin da jini ke dukan zuciyata da ƙwaƙwalwata da shi. Likita ya faɗa min haka tun ranar farko, ya maimaita, ya sa na maimaita masa. Shekara huɗu ke nan. Ba mantuwa na yi ba. Daɗin maganarta na ji. Shekara huɗu ba wanda ya dubi wani awo nawa ya ce lafiya lau, sai yau, kuma na so in tashi da kalmar in tafi gida da ita, ko da na san ba tawa ba ce.

Har na fara sauke hannun rigata sai Auta ta taɓa ni. "Yaya, ai ba wannan hannun ba ne."

Nas ɗin ta ɗago. "Ai hannu hannu ne," ta ce, ba da gatse ba, haka ta sani. Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce, "Ƙanwata, sa yatsunki nan ki ji." Na miƙa mata wuyan hannun. Ta taɓa, ta matsa sama, ta dawo ƙasa, ta ƙara dannawa. Na ga fara'ar tana barin fuskarta a hankali. Ta ce ba ta jin komai. Na ce mata Takayasu ne. Ta ce ta taɓa ganin sunan a littafi suna makaranta, amma ba ta taɓa ganin mai shi ba.

Hannun dama: 158/94.

Ta soke na farkon da layi biyu, ta yi ta ba ni haƙuri har ta ba ni tausayi. Ba ta da laifi ko kaɗan. Ciwon da ke kama mutum ɗaya zuwa uku cikin miliyan a shekara, mai jinya za ta iya gama aikinta gaba ɗaya ba ta haɗu da shi ba. Shi kansa wanda aka sa wa ciwon sunansa, Mikito Takayasu, likitan ido ne a Japan, kuma a cikin idon wata budurwa ya ga jijiyoyi sun yi wani irin tsari da bai saba gani ba, ya kai rahoto a 1908. Wasu likitoci ne a taron suka ce su ma sun ga irin haka, kuma marasa lafiyarsu ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu. Tun asali ciwo ne da ke ɓuya, sai mai lura. Ni ce na san inda ya ɓuya a jikina, kuma ni ce na yi shiru.

Da na shiga wurin likita ban gaya masa wannan ba. Ya ga lambobi biyu a kati, ɗaya a soke, ya dube ni, bai tambaya ba. Ya sa abin saurare a wuyana, dama da hagu, sannan a cikina kusa da cibiya, ya daɗe a nan fiye da yadda ya saba. Gwajin jinina na ESR da CRP, masu nuna kumburi a jiki, sun fito da kyau, na yi saurin nuna masa, sai ya tuna min abin da na riga na sani: a wannan ciwon gwajin kan yi kyau alhali kumburi na ci gaba a bangon jijiya. Yana so a sake ɗaukar hoton jijiyoyin ƙoda, don idan wadda ke kai wa ƙoda jini ta tsuke, ƙodar kan ɗauka jini ya yi ƙasa a jiki duka, sai ta saki sinadarin da ke ƙara hawan jini. Yana so kuma a sake duba zuciya, saboda idan babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta buɗe daga tushenta, murfin da ke bakinta kan daina rufewa da kyau, jini ya riƙa komawa baya.

Na tambaye shi kai tsaye, me ya fi ba shi tsoro a kaina. Ya ajiye biro. Ya ce kumburin muna riƙe da shi da magani gwargwado, abin da ya fi sa wa ido shi ne abin da kumburin ke bari a baya. Jijiyar da ta sha kumburi tana tsufa da wuri. Na wuya su ne hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa, na zuciya kuma daga tushen babbar jijiyar suke fita, daidai inda ciwon ke son zama. A kan wannan sai a ɗora hawan jini, a ɗora sitiroyid ɗin da ke ɗaga suga da kitsen jini da nauyi. Shi ya sa mai irin ciwona, ko tana da ƙuruciya, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da na ciwon zuciya ya fi na sa'o'inta. Ya ce a duk cikin waɗannan, hawan jini ne abin da muka fi iya juyawa da hannunmu, in dai mun san lambarsa ta gaskiya.

In dai mun san lambarsa ta gaskiya. Na sunkuyar da kai.

An ƙara min ƙwayar hawan jini. Metotireksat, maganin da ke danne kumburin, yana nan yadda yake, sau ɗaya a mako. A rage gishiri, a ci gaba da tafiyar yamma.

A hanyar dawowa ba mu yi hira ba. Auta ta yi barci a kafaɗata, ta dama.

Da yamma Umma ta tambayi yadda aka yi, na gaya mata duka, har da maganar shanyewar jiki. Ranta ya ɓaci nan take. "Ke da ba ki kai talatin ba? Wannan ai ciwon tsofaffi ne. Ki daina kira wa kanki abin da bai zo ba." Na ce, "Umma, ba kira nake ba. Yawancin masu ciwon nan mata ne, kuma kafin shekara 40 yake kama su. Irina ne." Na roƙe ta ta saurare ni minti biyu kawai. Idan ta ga bakina ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki na kasa ɗaga shi, ko maganata ta harɗe, ko na ce ido ɗaya ya rufe min, kada ta ce in kwanta in huta, kada ta jira Baba ya dawo. Ko da abin ya wuce cikin minti goma na ce na warke, a kai ni asibiti. Ta kuma duba agogo ta riƙe lokacin da ya fara, don allurar da ke narkar da gudan jini tana da iyaka, awa huɗu da rabi ne daga farawa.

Ta juya min baya tana ninke kaya, ba ta ce uffan ba. Na ɗauka maganar ta bi iska. Can ina fita daga ɗakin na ji ta a hankali, ita kaɗai, tana lissafawa: "Baki. Hannu. Magana. Ido. Agogo." Na tsaya a bayan ƙofa, hawaye suka zubo min.

Na ɗauko jan biro na Auta na rubuta a saman katin asibiti da manyan baƙaƙe: A AUNA A HANNUN DAMA. Na rubuta a ciki ma, kusa da sunana, saboda ranar da zan sake jin ina son yin shiru, ko ranar da ba zan iya magana ba.

Awon dare, hannun dama: 149/90. Na sha sabuwar ƙwayar. Hoton ƙoda ranar Alhamis ta sama, Auta ta ce za ta raka ni.