Hannuna ne a cikin hoton

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa wa masu masaukin baƙin da nake aiki makullin ɗakin kaya, na ƙirga musu sanduna goma sha ɗaya da wandunan roba tara, aka sa hannu, na fito. Shekara uku da wata biyar na yi ina raka baƙi kamun tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Aberdare a ƙasar Kenya. Ƙannenmu biyu da ke karatu a Nairobi sun ce za su nemi aikin a hutu mai zuwa, sun kuma roƙe ni in rubuta musu abin da na koya. Aikin yau da kullum cikin mako guda za a nuna musu shi, don haka ba zan ɓata musu lokaci a kansa ba.

Da girman kai na je wurin. Ni ɗan Yauri ne, jikan Sarkawa, na iya jefa birgi tun ban kai izu biyar ba. Da aka ce mini kifi za a kama, a raina dariya na yi. Ranar farko Mzee, dattijon Bakikuyen da ya fi kowa daɗewa a masaukin, ya miƙo mini sanda mai ƙafa tara, ba nauyi kamar sillen kara, da wata 'yar ƙugiya da aka naɗe da gashin zakara da zare har ta koma kamar ƙwaro. Ba tana, ba dalma. Nauyin duk a jikin igiyar yake, ita ake kaɗawa a iska gaba da baya har ta miƙe, ta sauke ƙwaron a kan ruwa ba tare da ƙara ba. Sau bakwai na maƙale a reshen gora kafin azahar. Mzee bai ce komai ba, sai da yamma ya ce, "Kijana," wato saurayi, "ruwanku na gida jan ruwa ne, kifi ba ya ganinku. Wannan yana ganinka tun kana kan tudu." A gida "kifi na ganinka mai jar koma" karin magana ce. A can ita ce dokar aiki: tirawut kullum kansa yana duban inda ruwa ke fitowa, sai ka biyo ta bayansa, a duƙe, inuwarka ba ta faɗa cikin gurbi ba.

Shi kansa kifin baƙo ne a ƙasar, kamar ni. A 1905 wani Bature, Ewart Grogan, ya sa aka kawo irinsa daga Biritaniya aka zuba a kogin Gura, daga nan ya bazu. Abin da ya sa ya zauna shi ne sanyin tsaunin, wanda ƙololuwarsa ta kai kusan mita 4,000. Ba tarwaɗa ba ne da za ta kwana a taɓo gari ya waye tana motsi. Ruwa na ɗumi iskar da ke cikinsa na raguwa, kuma da zarar ma'auni ya doshi digiri 20, kifin da aka wahalar a ƙugiya sau da yawa ba ya farfaɗowa ko an sake shi. Shi ya sa kowane ɗan rakiya yake da ma'aunin zafi a aljihu. Ni ma nawa yana aljihuna ranar da abin ya faru, wannan ba zan ɓoye ba.

Watan Fabrairu ne na shekarata ta biyu, tsakiyar rani, ruwa ya ja baya har duwatsun da ba mu taɓa gani ba sun fito. Aka kawo wani baƙo da ya kama ɗakuna uku shi da iyalinsa. Da safe, a bakin kicin, manaja ya ja ni gefe ya ce, "Wannan kada in ji ka ce masa a'a." Mu biyu ne kawai a tsaye, sai mai dafa abinci da ya ba mu baya.

Baƙon bai yarda mu hau sama inda ruwa ke da sanyi ba, ya ce gwiwarsa. Muka tsaya a ƙasa, daidai inda daji ya ƙare gonakin shayi suka fara. Waɗanda suka san wurin sun san gurbin da nake nufi, mai faɗaɗɗen dutse a tsakiya, sun kuma san wadda ke zaune a ƙarƙashinsa. Mace ce, ta kusa kilo biyu, a rafin da kifi mai rabin kilo ake yi wa murna. Sau uku aka taɓa kama ta a iya sanina, sau uku aka sake ta, kuma rabin ƙananan da ke wannan sashe muna ɗauka 'ya'yanta ne. Ƙarfe biyu da rabi na tsoma ma'auni, ya nuna 20. Na duba, na share shi da gefen riga, na mayar aljihu. Da na ce mu naɗe igiya mu je mu sha shayi sai la'asar sakaliya, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba.

Jifansa na huɗu ta taso ta karɓa. Zaren bakin da ya nace a ɗaura masa siriri ne ƙwarai, don haka ba dama a ja ta da ƙarfi, sai da aka yi kusan minti ashirin tana gudu tana dawowa. Lokacin da ta shiga komata ta riga ta kwanta a gefe guda. Ka'ida a nan kowa ya san ta: ka jiƙa hannu don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarta, ka zare ƙugiya tana cikin ruwa, in hoto ya zama dole ka ɗauke numfashinka lokacin da ka ɗago ta, numfashinka na ƙarewa ka mayar da ita. Baƙon ya karɓe ta da busasshen hannu. Ya ce rana ta haske masa fuska, a sake. Ya ce a kira ɗansa ya shigo. Ta suɓuce ta faɗi kan tsakuwa, ya ɗauka, ya ce a ƙara ɗaya. Ina tsaye riƙe da koma ina cewa "Bwana, Bwana", wato yallaɓai, a hankali kamar mai roƙon bashi. Minti huɗu, na duba agogo daga baya a jikin hotunan.

Na durƙusa cikin ruwa na riƙe ta, kanta na duban inda ruwa ke fitowa, fiye da rabin sa'a. Ta ɗan kaɗa wutsiya, na sake ta, ta nutse ƙarƙashin dutsen. Na gaya wa kaina ta rayu. Washegari da sassafe wani daga cikin masu haƙƙin kamun kifi a wannan sashe ya tarar da ita ciki sama a bakin gada, ya ɗauki hoto ya aika wa masauki da wasiƙa mai zafi.

A gaban ma'aikata duka manaja ya karanta wasiƙar. Ya tambaye ni ko na auna ruwa, na ce na auna. Ya tambayi nawa, na faɗa. Ya ce to me ya hana ni tsayar da baƙo, ba aikina ke nan ba? Na ce, "Bwana, kai ka ce kada in ce masa a'a." Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce bai taɓa faɗin haka ba, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Mai dafa abinci ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsa ba, 'ya'yansa huɗu ke makaranta. Aka riƙe tukuicina na wata guda, aka mayar da ni ɗakin kaya mako shida ina wanke wandunan roba ina liƙe hujinsu.

Laifi tudu ne, na sani, kuma nawa na hau shi na zauna a kai tsawon makonnin nan shida. Ni na ga lambar, ni na mayar da ma'auni aljihu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mzee ne kaɗai ya leƙo ɗakin kayan. Bai yi mini jaje ba, ya ajiye akwatin gashin tsuntsu da zare a kan benci ya ce tunda zaman banza nake, in koyi naɗa ƙwaro. Kafin in fita daga horon ina naɗa dozin biyu a yini, kuma a kakar da ta biyo baya nawa baƙi suke tambaya da suna.

Tun daga ranar, duk umarnin da aka ba ni a bakin kicin sai in tura saƙo a waya in ce, "Bwana, don in tabbatar, ka ce kaza?" Bai taɓa son haka ba, ni kuma ban taɓa fasawa ba. Sau goma sha huɗu na tsayar da baƙi saboda zafin ruwa bayan wannan, ina rubutawa a bayan littafina. Biyu sun yi fushi, ɗaya ya kai ƙarata, sauran sun sha shayinsu, wasu ma da suka dawo ni suka ce a ba su.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ku jiƙa ƙulli da yawu kafin ku ja shi, in kun ga ƙarshen zare ya nannaɗe bayan kifi ya tsere to ƙullinku ne ya kwance, ku amsa kafin a tambaye ku. Ku danne kaifin bayan ƙugiya da filaya. In kun hau cikin gandun dajin Aberdare, ɓauna ta fi giwa haɗari, kada ku wuce gaban mai bindiga. Ku ƙirga tukuici a gaban wanda ya ba ku.

In kun je neman aikin za a ba ku takardar talla ta masaukin a teburin karɓar baƙi. Ku buɗe shafi na biyu. Mutumin nan ne yana dariya, riƙe da ita da hannu biyu, an rubuta a ƙasa cewa a nan ana kamawa ne a saki. Wata uku bayan an yanke mini tukuici aka buga ta, har yau kuma ba a canza ba. A kusurwar hagu akwai baƙin hannu riƙe da koma, an yanke sauran jikin.