Neman maganin damuwa da ba zai dusashe min kai ba

Duk wanda da ƙwaƙwalwarsa yake cin abinci, aka kuma taɓa zaunar da shi aka ce masa ciwon damuwa ne da fargaba suke ɗawainiya da shi, ya san tsoron nan da ke zuwa kafin ma a rubuta takardar magani: to in na fara haɗiyar ƙwayoyin nan kaina zai ci gaba da ja kuwa? Ni aikina duba lissafi ne, sifiri ɗaya ya kuɓuce maka shikenan aikin mako ya rushe, ga kuma karatun digiri na biyu da nake haɗawa da shi da yamma, saboda haka a wajena wannan tambayar ba ƙarama ba ce, kuma na san mu da yawa ne, ɗalibai da malamai da masu tuƙi da ma'aikatan jinya da duk mai aikin da in hankalinsa ya gushe na minti ɗaya wani zai ji a jikinsa.

Abu na farko da na gane, kuma wallahi shi ya fi sauya min tunani, shi ne ciwon kansa yana cinye natsuwa tun kafin magani ya shigo. A littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, DSM-5, kasa tattara hankali ɗaya ce daga alamomi tara na ciwon damuwa, haka kuma tana cikin alamomin fargaba mai naci. Takardar tambayoyin nan ta PHQ-9 da ake miƙa maka ka cike, tambaya ta bakwai a kanta take, wai kana kasa mayar da hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Ni lokacin da abin ya yi tsanani sai in ɗora yatsa a kan layin lambobi ina bi, in kai ƙasa in ga ban san me na wuce ba, in koma sama, in sake, ido yana gani amma ba abin da ke shiga, kuma a lokacin ko ƙwaya ɗaya ban fara sha ba. Kenan mutumin da kake tsoron magani zai raba ka da shi, ciwon ya riga ya fara janye shi. Wannan yana da muhimmanci don in ba ka san inda ka taso ba duk hazon da ka ji daga baya a kan magani za ka ɗora shi, ka watsar da abin da ƙila shi ne zai fitar da kai.

Amma fa ba cewa nake magani ba ya dusashe kai ba, wasu suna yi sosai ma. Waɗanda suka fi kowa su ne dangin benzodiazepine, su diazepam da ake kira Valium, da alprazolam wato Xanax, da lorazepam da clonazepam. Aikinsu shi ne ƙara ƙarfin wani sinadari mai suna GABA wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa, shi ya sa cikin ƙasa da awa ɗaya za ka ji bugun ƙirji ya lafa kafaɗa ta sauka, daɗi kam akwai shi ba ƙarya, matsalar ita ce birkin nan ba ya zaɓe, yana taka tsoro yana taka hadda. An ba ni ɗaya na ɗan lokaci a farkon jinya, na zauna a taron ofis lafiya ƙalau har da ba da shawara, washegari abokin aikina ya ce "Malam ina takardar da ka ce za ka turo min?" ni kuwa ko alamar maganar babu a kaina, sai da ya nuna min inda na rubuta da hannuna a gefen fayil. Ga mai karatun jarrabawa wannan masifa ce, don sabon abu ne ba ya zama, ka kwana kana bita gari ya waye wayam. Shi ya sa ƙa'ida ita ce kar a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan su, ga kuma sabo da jiki ke yi da su, kuma wanda ya daɗe a kai ba a yanke masa rana ɗaya don hakan na iya jawo jijjiga.

Sai tsofaffin magunguna irin su amitriptyline. Suna aiki, ba wanda ya ce ba sa aiki, sai dai suna toshe sinadarin acetylcholine wanda da shi ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, suna kuma toshe histamine mai tsayar da mutum a farke, sakamakon shi ne bushewar baki da nauyin ido da magagin safe wanda har hantsi bai sake ka ba. Mirtazapine shi ma ta wajen histamine ɗin yake kwantar da mutum, ga wanda rashin barci ya addaba alheri ne babba in an sha da dare, amma wasu suna tashi da nauyin kai ga yawan jin yunwa. Hydroxyzine da pregabalin da ake bayarwa don fargaba su ma suna kawo gyangyaɗi ko jiri.

Waɗanda aka fi farawa da su yanzu su ne dangin SSRI masu aiki a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, fluoxetine wato Prozac da aka amince da shi a Amurka a 1987, sai sertraline da escitalopram da sauransu, kuma su ne ke kama tsuntsu biyu don ana ba da su ga damuwa ana ba da su ga fargaba. Galibi ba sa taɓa hadda yadda waɗancan ke yi, in ka cire paroxetine wanda ya fi 'yan uwansa sa barci kuma ya fi wuyar bari. Abin da ba a cika jaddada wa mutum ba shi ne makonni biyun farko ba su ne ma'auni ba. A lokacin za ka iya jin tashin zuciya, ciwon kai, barci ya rikice, wani ma fargabar ce za ta ƙaru kafin ta sauka, alhali amfanin sai an yi mako 4 zuwa 6 yake bayyana sosai, wato illar ce ke riga amfanin isowa, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke cewa wannan ba nawa ba ne su ajiye. Ni sertraline aka mayar da ni, da farko ina sha da safe sai in ga wajen azahar ido na rufewa a gaban kwamfuta, da na faɗa wa likita abin da ta fara yi ba canza magani ba ne, cewa ta yi in koma sha da dare mu gani, kuma wannan ɗan sauyin kaɗai ya dawo min da rabin yinina. Wani kuma akasin haka ne, fluoxetine kan hana wasu barci sai a ce su sha da safe.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a raba shi da hazo, shi ne dakushewar ji. Mutane da yawa masu shan SSRI suna cewa baƙin cikin ya tafi amma ɗoki ma ya tafi, aikin da a da in ka ƙure shi sai ka ji daɗi yanzu ko a jikinka, ba wai ba ka iya karantawa ba ne, ba ka damu ka karanta ba ne. Wannan daban wancan daban, kuma sau da yawa rage yawan miligiram ko sauya magani yana gyara shi, amma sai ka iya bambance wa likita wanne kake ji.

Toh wanne ne ba ya taɓa kai kwata-kwata, wanda kowa ke son a faɗa masa suna ya je ya nema? Sunayen da za ka fi ji su ne bupropion da vortioxetine. Bupropion a kan sinadaran ƙwaƙwalwa dopamine da noradrenaline yake aiki, ba ya sa barci, ba ya cika kashe sha'awar aure kamar SSRI, wasu ma sukan ce ya wartsake su, amma ga wanda fargaba ce ta fi yi masa yawa yana iya ƙara masa rawar jiki da rashin barci, kuma ba a ba mai farfaɗiya ko mai ciwon ƙin cin abinci ko na ci a amayar. Vortioxetine sabo ne a kansu, a 2013 aka amince da shi a Amurka, akwai gwaje-gwajen da suka nuna masu shan sa sun ƙara sauri a jarrabawar haɗa lamba da alama, sai dai tashin zuciyarsa sananne ne kuma ba shi da ƙarfin hujja a kan fargaba kamar yadda sertraline ko escitalopram ke da shi. Buspirone na fargaba ne, ba ya bugarwa ba a sabo da shi, amma makonni yake ɗauka. Venlafaxine yana kama damuwa da fargaba duka biyun sai dai a riƙa auna hawan jini. Propranolol kuma wasu na amfani da shi don bugun zuciya da rawar hannu kafin gabatar da jawabi, ba ya taɓa tunani, amma mai asma ya kiyaye shi. Ka ga kowanne da abin da yake ba ka da abin da yake karɓa.

Kuma kar ranka ya ɓaci in na farko bai yi ba. Babban binciken nan na STAR*D da aka yi a Amurka da mutum wajen 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko, sauran sai da aka sauya ko aka ƙara wani. A 2018 kuma mujallar Lancet ta buga nazarin da ya tattara gwaji 522 a kan magunguna 21, duka sun fi ƙwayar gwaji wadda ba magani a cikinta aiki, amma tazarar da ke tsakanin su kansu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne tunda ƙarfinsu kusa-kusa ne, to illa ce ya kamata ta raba gardama, kuma illar da ta fi damun ka kai ka san ta ba likita ba.

Nan ne darasin da ya fi min amfani a aikace. Likita yana da 'yan mintoci ne a kanka, abin da zai tambaya barci da cin abinci da kuka da tunanin mutuwa, kuma ya yi daidai, amma in ba ka buɗe baki ka ce "Likita, aikina na lissafi ne, in kaina ya yi nauyi zan iya rasa aikin" ba, ba lallai ya sa wannan a sikeli ba. "Ba na jin daɗin maganin" ba bayani ba ne. Abin da na koma yi shi ne ɗan littafi a aljihu, kullum layi biyu, ƙarfe nawa na sha, awa nawa na yi barci, shafi nawa na karanta na kuma iya faɗin abin da ke ciki ba tare da na leƙa ba, ƙarfe nawa hazon ya sauko. Ranar da na ajiye wa likitata shi a tebur ta juya shafukan ta ce ai duk ranar da ka rubuta hazo daren jiyansa ba ka yi barcin kirki ba, ni ban ma lura ba sai da ta nuna, daga nan muka koma gyaran barci da rage kafeyin na yamma, maganin aka bar shi yadda yake. Ta kuma sa aka duba min jini, don ƙarancin jini da raunin tayirod (wata gaɓa ce a maƙogwaro) da ƙarancin bitamin B12 duk suna iya kawo kasala da mantuwa irin wannan.

Sauran abubuwan gajeru ne. In da hali kar a fara sabon magani ko a ƙara shi ana saura kwanaki jarrabawa ko rufe lissafin shekara, a tsara da likita, amma in ciwon ya yi tsanani ba a jiran hutu. Canji ɗaya a lokaci ɗaya don a san me ya yi me. Kar a yanke magani kwatsam don a sami "kai garau" na mako guda, jiri da jin kamar wutar lantarki na fizgar kai da ke biyo baya, musamman a venlafaxine da paroxetine, sun fi hazon hana aiki. Jinyar zama da masanin halayya irin ta CBT ba ta da illar gyangyaɗi ko kaɗan, ga damuwa mara tsanani takan wadatar ita kaɗai, haɗa ta da magani kuma yakan fi. Wanda bai kai shekara 25 ba a sa masa ido sosai a makonnin farko, akwai gargaɗi a hukumance cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a wannan lokacin, duk wanda ya ji haka ko shekarunsa nawa ya nemi likita a ranar kar ya jira ranar da aka ba shi. Wanda kuma ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya kai na gudu kamar zai tashi sama ya faɗa tun farko, don maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da wancan ciwon na gudun kai da ake kira bipolar.

Natsuwa takan kasance cikin abubuwan da ke dawowa a ƙarshe, barci ya gyaru, kuka ya tsaya, mutane su fara cewa ka warke, amma kai ka san har yanzu sakin layi mai tsawo yana ba ka wuya, kuma hakan ba ya nufin maganin ne ya lalata ka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi don kar ciwon ya dawo, ni a cikin waɗannan watannin ne karatu ya fara zama min a kai kamar da, har yanzu kuma ina sha da dare, ina rubuta layi biyun nan, muna duba su tare da likita duk sanda na koma.