Yadda na sauya dinamon tsohuwar Peugeot 404 a Damagaram

Peugeot 404 ɗin da nake farfaɗowa ƙirar farkon shekarun 1960 ce, wato tun lokacin da kamfanin yake sa mata dinamo, tsohuwar na'urar cajin batir. Injinta mai girman cc 1618 bai buƙaci wani babban aiki ba, amma wutarta ta ƙi zama. Dinamo ba ya cajin batir sai injin ya ɗauki gudu, don haka idan mota tana ralanti (tana tsaye injin yana aiki) a cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko tana tafiya a hankali cikin lungunan Birni da dare fitilu a kunne, batir ne kaɗai yake ciyar da komai.

Na yanke shawarar sa mata alternatar (na'urar caji ta zamani) na Peugeot 504, wanda rigulatarsa, mai daidaita ƙarfin wuta, take a jikinsa, na kuma aika aka samo mini shi a Ƙofar Ruwa a Kano. Wasu masu son tsofaffin motoci suna ganin wannan ɓata asali ne. Ni kuwa motar hawa nake so, ba ta ajiya ba; duk da haka na goge dinamon da akwatin rigulatarsa na adana, domin duk wanda ya gaje ta ya iya mayar da su.

Ɗaura alternatar bai ɗauki lokaci ba. Mai walda ya ƙera sabon ƙarfen da zai riƙe shi, muka daidaita fulinsa (faifan da fambel ke juyawa) da na injin ta hanyar ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansu, saboda ƴar karkata kaɗan ta isa ta cinye fambel.

Ainihin aikin yana cikin wayoyi. Tsohuwar wayar caji an yi ta ne don wutar dinamo, kuma robarta ta bushe da zafin shekaru, sai muka ja sabuwa mai kaurin milimita murabba'i 10 daga alternatar zuwa batir, da fis kusa da batir ɗin. Sannan akwai ƙaramar fitilar caji da muka sa a gaban direba, wadda mutane da yawa suke ɗauka ado ce. Ta cikinta ne wutar farko take bi ta tayar da alternatar kafin ya fara samar da tasa. Da na nuna wa dattijon da ke aikin wutar wani ƙwan LED da na tanada, sai ya ce, «Alhaji, wannan ba ya jan wutar da za ta tashe shi, a bar mana ƙwan gargajiya mai wat 2.» Da aka tayar da injin, mita ta nuna volt 14 ko a ralanti, abin da dinamon bai taɓa yi ba.

Ingantacciyar wuta ta tona asirin sauran sassan. Fitilun gaba sun kasance jajaye har sai da muka sa musu rile (makunnin da ke kai musu wuta kai tsaye daga batir), muka kuma kankare tsatsa a inda wayar mas, wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, take haɗa injin da jikin mota. Fankar 404 tana da kulocin maganaɗisu wanda yake kamawa idan ruwa ya yi zafi, kuma makanikai da dama a nan suna ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum, saboda zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Ni na fi son ta yi aiki yadda aka tsara ta, don haka na sauya gawayinta (ɗan guntun da ke kai wa kulocin wuta) da kuma na'urar da ke jin zafin ruwa, aka kuma wanke radiyatar. Platin kuwa, wato makunnin da ke tsara lokacin tartsatsin fulogi, na bar shi, da tazarar milimita 0.40, domin kowane makaniki daga nan har Tanut ya san gyaransa a bakin hanya.