Da linzami ko da kodin: yadda muke koyar da haɗa shafin intanet a shagonmu

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, aikinmu haɗa wa mutane shafukan intanet. Masu kawo mana aiki su ne makarantu masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da ƙungiyoyi, da 'yan kasuwar Kantin Kwari masu son shadda da atamfarsu su kai ga masu saye a Abuja da Legas. Kusan duk yaron da aka kawo min koyon sana'a, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Oga, in fara da manhajojin nan da ake jawo abu da linzami a ajiye, ko in zauna in koyi kodin?" Amsata ita ce ya fara da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, amma kaɗan, na 'yan makonni kawai, sannan ya koma inda abincinsa yake.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce ta manhajoji irin su Wix da Squarespace da Webflow, ko kuma Elementor da ake ɗorawa a kan WordPress. Ka ga akwatin rubutu ka jawo shi, ka ga wurin hoto ka sa hoto, ka zaɓi kala, abin da kake gani a gabanka shi mai ziyara zai gani. Ta biyu ita ce ka buɗe fili fari fat ka rubuta komai da hannunka: HTML ya tsara abin da ke cikin shafin, CSS ya yi masa kwalliya, JavaScript ya sa shi motsi. Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ba ta san Wix ba, ba ta san Elementor ba. Waɗancan ukun take karantawa. Duk lokacin da ka jawo wani abu da linzami, manhajar ce take rubuta kodin ɗin a madadinka ta bayan fage. Kuma abin ba yau ya fara ba, waɗanda suka riga mu a sana'ar sun yi zamani da FrontPage da Dreamweaver tun ƙarshen shekarun 1990.

Kafin maganar koyo akwai maganar kuɗi, don ita ce ta fi raba gardama a wajenmu. Wix da Squarespace da Webflow haya ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma da kuɗin waje. A 2022 bankuna da yawa a Najeriya suka takaita ko suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka ɗauki mai makarantar firamare da Islamiyya a unguwa, wanda kuɗin makaranta da ƙyar iyaye suke cikawa. Ranar da hayar shafinsa ta ninka sau uku, ni zai kira, kuma yana da gaskiya, domin ni na zaɓar masa. Sannan shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi ɗungurungum a kai wani wuri. Kamar hayar shago ne a filaza: ka yi fenti, ka sa tayil, ka yi silin, ranar tashi kayan sayarwarka kawai za ka kwashe. Ban ce manhajojin ba su da kyau ba. Webflow musamman aikinsa yana fita tsaf, kuma wanda abokan cinikinsa ke biyansa da dala zai ji daɗinsa. Namu da naira suke biya.

Shi ya sa mafi yawan aikinmu a kan WordPress muke yinsa. Manhaja ce ta kyauta da aka fara tun 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Muna kama wurin ajiyar shafi a kamfanonin gida mu biya da naira, mu yi rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng ko .ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen shafukan Najeriya, ke kula da shi. In shago ne mu ɗora WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi kanti, mu haɗa shi da kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, mai saye ya biya da kati ko tiransifa. In wurin ajiyar ya fara ba mu ciwon kai, mu tattara fayiloli da rumbun bayanan mu koma wani, ba a rasa ko hoto ɗaya ba.

Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra da kayan lefe ta zo mana. Na fara yi mata bayanin kalolin da za mu sa, sai ta katse ni: "Malam, ni dai abin da nake so, in kaya ya ƙare in cire hotonsa da kaina, in farashi ya tashi in canza a wayata. Ba na son sai na kira ka." Wannan magana tata ita ce amsar duk wani yaro mai ganin in ba da hannu aka rubuta shafi ba, to ba aiki ba ne. Da mun rubuta mata shi da zallar HTML, da duk ranar da kwalbar humra ta ƙara naira ɗari biyar sai ta jira mu. Muka zauna da ita da 'yarta muka nuna musu inda ake sa kaya da inda ake sauke su, yanzu sai lokacin sabunta rajista muke jin ta, ko in za ta aiko mana wata ƙawarta.

To me ya sa nake dagewa a kan kodin a farko? Saboda abin da nake gani a kan teburina. Wani yaro ya haɗa shafin wata makaranta da samfurin da ya sauko da shi, wato shiryayyen tsarin shafi, a laftof ɗinsa ya yi kyau ƙwarai. Na ce ya buɗe a wayarsa. Sunan makarantar ya fice daga sikirin, sai an ja gefe ake ganin ƙarshensa, hoton ginin kuma yana sauka a hankali layi-layi. Ya bi duk maɓallan da ke cikin manhajar bai ga inda matsalar take ba. Na ce ya koma laftof ya danna F12, maɓallin da ke nuna kodin ɗin da ke bayan shafi. Muka bi akwatin da ke ɗauke da sunan, sai ga shi an ƙayyade masa faɗi 1200px, wato ɗigon sikirin 1,200, alhali sikirin ɗin waya ko rabin haka bai kai ba. Layi ɗaya na CSS ya gyara shi. Hoton kuma kai tsaye daga kyamara ya ɗora shi, nauyinsa ya haura megabait huɗu, muka matse shi ya koma ƙasa da kilobait ɗari biyu ba tare da ido ya ga bambanci ba. Iyayen yaran makarantar nan da Tecno da itel za su buɗe shafin, da datar da suka saya ta kwana ɗaya, wani lokaci a inda sabis ke rawa. In shafi ya ƙi buɗewa cikin 'yan daƙiƙu, rufewa suke yi su kira malamin aji.

Don haka makonnin farko a shagonmu, VS Code, manhajar rubuta kodin, kawai yaro yake buɗewa. Zai rubuta shafi ɗaya na sana'ar wani a gidansu, telan mahaifiyarsa ko shagon yayansa, da suna da hotuna da lambar waya da maɓallin WhatsApp. Wannan matakin ba ya cin data, ko an ɗauke wuta in dai akwai caji a laftof aiki na tafiya, kuma tsohuwar kwamfuta ta ishe shi. In ya maƙale ya duba shafukan koyon kodin, MDN ko darussan freeCodeCamp. In ya gama ya ɗora a GitHub Pages, wurin ajiyar shafi na kyauta, ya tura wa 'yan gidansu adireshin. Daga nan sai WordPress, wanda zai girka a kan kwamfutarsa da XAMPP, manhajar da ke sa shafi ya yi aiki ba sai da intanet ba, ya lalata ya gyara son ransa, kafin ya taɓa aikin kowa.

Ba na barin su daɗe a matakin farko, domin na ga yadda ake ɓata a cikinsa. Yaro ya ji ana cewa React, wani kayan aiki na JavaScript, ya bar CSS bai ƙoshi da shi ba ya tafi can, gobe ya ji wani sabon suna ya bi. Watanni su wuce yana kallon bidiyo a YouTube, babu shafi ɗaya da ya kammala, a gida kuma ana tambayarsa ina amfanin laftof ɗin da aka saya masa. Aikin farko da aka biya shi, ko kaɗan ne, ya fi darasi ashirin riƙe shi a sana'ar. JavaScript da PHP, yaren kodin da aka gina WordPress da shi, suna zuwa daga baya, lokacin da aiki ya nema. Misali in makaranta ta ce tana son wurin da ɗalibi zai sa lambarsa da lambar sirri ya ga sakamakonsa, nan kam zama muke yi mu rubuta da PHP da rumbun bayanai na MySQL, don babu samfurin da ya san tsarin jarrabawarsu.

Abu ɗaya na haramta a shagon: fasassun samfura da fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress), wato na kuɗi da wasu ke cire wa makulli su raba kyauta a Telegram. Sau da yawa akwai muguwar manhaja a ɓoye a ciki. An taɓa kawo mana shafin wata ƙungiya da wani ya yi musu da irinsu, duk wanda ya buɗe sai ya tsinci kansa a shafin caca, shugabannin kuma ba su sani ba sai da aka yi musu waya. Sai da muka rushe muka sake gini. Ga kuma ChatGPT da ire-irensa, da yara ke cewa su rubuta musu kodin. Ban hana ba, ni ma ina amfani da su. Sharaɗina shi ne duk abin da ka liƙa a shafin mutum, ka iya karanta min shi layi-layi ka faɗi aikinsa.

Ba kowa nake ba wa amsa ɗaya ba. Ɗan kasuwar da shafin kansa kawai yake so, ba ya neman sana'ar, ba ruwansa da kodin, ya kama manhajar linzami ya gama cikin mako. Wanda burinsa aikin injiniyan manhaja a babban kamfani, shi kuma kodin ne abincinsa, ya shirya wa shekaru. Na tsakiya, masu son su ci abinci da haɗa shafuka a garin nan, su nake riƙewa. Kafin in miƙa wa ɗayansu aikin abokin ciniki, zan ba shi shafin da na lalata da gangan, in ba shi ƙaramar waya, in ce ya nemo matsalar. In ya gyara, sai ya koyi yadda ake miƙa aiki: sunan shafi a yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗinsa, lambobin sirri a rubuta a ba shi a hannu, a gaya masa watan da rajistar za ta ƙare da abin da zai biya.