Daga Laleli zuwa titin Yeshilcham

Sarin kaya ne ya kai ni Istanbul, abaya da gyale da takalma a Laleli, amma ranar Lahadi kasuwa ba ta ci sosai, sai ɗiyar ƙawata da ke karatu a can ta ce, "Anti, tunda kina son finafinan Turkiyya, tashi in kai ki inda abin ya samo asali."

Muka hau taragon cikin gari muka tsallake gadar Galata, masu kamun kifi jere da fatsa har ba masaka tsinke, muka sauka Karakoy muka shiga Tunel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da yake aiki tun 1875, ya haura da mu titin Istiklal. Jama'a kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. A gefen titin ne aka yi wani ɗan lungu mai suna Yeshilcham, kuma da sunan lungun nan ake kiran tsohuwar masana'antar fim ɗinsu gaba ɗaya. Sinimar Emek da ke wurin an rushe ta a 2013, abin ya ba ni haushi wallahi.

Wajen masu tsofaffin fastoci da katuna fuskar da na fi gani ta mace ɗaya ce, manyan idanu, baƙin gashi. Wani dattijo ya nuna ta da yatsa ya ce "Sultan" kawai. Turkan Shoray kenan. A Eyup aka haife ta a 1945, unguwar da kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ta fara fim a 1960 tana 'yar shekara 15, ta fito a finafinai sama da 200, ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Antalya tun 1964. Har dokoki ta kafa wa furodusoshi kan abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba a gaban kyamara, kuma suka bi.

Abin da ya fi kama ni shi ne a 1972 ta koma bayan kyamara ta ba da umarnin fim da kanta, Dönüş, kuma ita ce jarumar. Labarin matar ƙauye ne da mijinta ya tafi Jamus neman kuɗi ya bar ta da goyo, mai gonakin garin ya sa mata ido, gulma ta taso ta a gaba. Da dare yarinyar ta kunna mana shi a waya tana fassara min, ni kuwa matan 'yan cirani na garinmu kawai nake tunawa, masu jiran saƙon da ba ya zuwa. Mace ce ta san wannan zaman jira, shi ya sa nake so jarumanmu mata na Kannywood su yawaita a kujerar darakta.

Washegari kafin in koma kan ɗaurin kaya sai da muka bi jirgin ruwa zuwa Eyup muka yi ziyara.