Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a kwana ukun da kwamfutar shago ta ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, kwamfutar shagonmu na Bauchi Road ta tashi, aikin kowa yana nan, ko shafi ɗaya bai salwanta ba. Na fara da wannan ne saboda na san akwai ɗaliban jami'a da rabonsu da barcin kirki tun ranar Alhamis, don furojet ɗinsu yana cikinta.

Ga yadda abin ya faru. Shekara biyu ke nan da rasuwar Yayana, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar kwamfutarsa tana ɗaki a rufe, ta daina kamawa tun yana raye. Matarsa ta daɗe tana roƙona in ciro mata hotunan yara da karatun Alƙur'ani da ya riƙa ɗauka da muryarsa. Daren Alhamis bayan na rufe shago, ana tsananin sanyin nan namu na Jos, na kwance faifan ajiyarsa na ɗaura shi a cikin kwamfutar shago a matsayin na biyu. Niyyata in kwashe mata abin da take so, in ci gaba da ajiya a sauran filin. Ina kunnawa sai ga tambarin Windows 7, alhali Windows 10 nake aiki da ita. Kafin in gama mamaki allo ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta yi. Gabana ya faɗi, domin a zatona na shafe aikin mutane da hannuna.

Washegari wani mai gyara ya duba ya ce Windows ce ta lalace, a yi fomatin kawai, wato a goge faifan, a zuba sabuwa. Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma da na amince, da muryar Yaya ko aikin ɗalibai, ɗaya ya tafi, wataƙila ma duka biyun.

Godiyata ta farko ga maƙwabcina tela, wanda ya gan ni zaune na yi tagumi ya ce in dakata, kada in bari a goge komai sai ɗansa ya dawo daga makaranta. Godiya mafi girma kuma ga yaron nan. Bai zo da wani kayan aiki ba sai sukudireba. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Kawu, mene ne abu na ƙarshe da ka canza kafin ta fara haka?" Na ce faifai na ƙara. Ya kashe ta, ya zare wayar wuta, ya cire igiyar faifan Yaya kaɗai, ya kunna. Nan take Windows ɗina ta buɗe, fayilolina suna nan yadda na bar su. Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ina so in rubuta shi don masu shago irina. Kwamfuta kafin ta kai ga Windows, akwai ɗan shirin da ke cikin babban allonta, wanda ake kira bayos, shi ne ke da jerin inda za ta fara neman abin da za ta tashi da shi. Faifan Yaya ba fanko ba ne, yana ɗauke da tasa Windows ɗin. Ni kuma garin neman wurin da igiya za ta kai, na ba shi ramin SATA na farko, wato inda ake jona igiyar faifai a babban allo, na mayar da nawa na biyu. Sai ta riƙa tashi da Windows ɗin da aka girka don wata na'ura dabam, wadda ba ta san kayan cikin wannan ba, shi ne shuɗin allon. Ya nuna mini yadda ake shiga bayos da zarar an kunna: a yawancin HP ana danna F10, a Dell F2, wasu kuma Delete. Ya ɗaga faifaina ya koma kan gaba a jerin, ya ajiye, ta tashi lafiya da faifan biyu a ciki.

Na ɗauka an gama. Asabar da safe, bayan an kwana babu wuta, matsalar ta dawo sak. Na kira shi ina jin nauyi, ya bar karin kumallonsa ya zo. Abin da ya fara dubawa shi ne agogon bayos, ya ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Ya ce, "Kawu, batirin babban allo ne ya mutu." Ashe akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin idan an katse wuta. Na daɗe ina ganin agogon yana ɓata, ina gyarawa da hannu, ban san alama ba ce. Da faifai ɗaya ne babu inda za ta ɓace, shi ya sa abin bai taɓa fitowa fili ba. Ƙanena ya hau keke zuwa kasuwar Terminus ya sayo, Allah ya yi masa albarka. Yaron ya sa batirin, ya mayar da faifaina ramin farko, sannan ya kashe tsohon salon tashi a bayos ya bar sabon salon kaɗai, wanda ake kira UEFI. Ya ce faifan Yaya tsohon tsari ne mai suna MBR, nawa kuma sabon tsari ne mai suna GPT, don haka yanzu ba za ta ƙara yunƙurin tashi da shi ba, amma za ta karanta abin da ke ciki. Muka zare wuta sau uku muna gwadawa, kowane karo daidai.

Na ɗauko kuɗi, ya ƙi karɓa. Ya ce Yaya ne ya koya masa Izu biyu na farko a makarantar dare. Ban san da wannan ba sai ranar. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya buɗa maka ilimi, ya sa iyayenka su ci moriyarka.

Ina godiya ga mai shagon ɗab'i na kusa da mu da ya ba ni aron kwamfutarsa na sallami masu gaggawa, bai karɓi ko sisi ba sai kuɗin takarda. Ina godiya ga ɗaliban da suka yi haƙuri, musamman baiwar Allah nan da za ta miƙa aikinta Litinin, ta zo sau biyu ba ta ɗaga mini murya ba, sai addu'a. Uwargidana ma ta sha fama da ni a kwanakin nan, Allah ya saka mata da alheri.

Jiya Lahadi na kai wa matar Yaya filash biyu, ɗaya nata, ɗaya na ce ta ba Inna ta ajiye. Aka sa karatun Suratul Mulk a tsakar gida, autarsa da ba ta wuce shekara uku ba lokacin rasuwar ta tsaya cak tana sauraro, ta tambayi uwarta ko Abba ne. Allah ya kai haske kabarinsa.

Shago yana buɗe daga ƙarfe 8 na safe. Duk mai aiki a wurina ya zo da filash ɗinsa, zan kwafa masa nasa kyauta ya riƙe a hannunsa.